Al-Karaji da Hujjar Murabba'i

'Yan'uwa, sau da yawa muna jin ɗalibai na cewa hisabi na 'yan boko ne. To ga labarin wani magabacinmu, Abubakar al-Karaji, wanda ya rayu a Bagadaza wajen shekara ta 1000 miladiyya. Shi ne mai littafin Al-Fakhri, wanda ya sa wa sunan waziri Fakhrul Mulk.

Adadin da aka ninka da kansa, kamar 3 sau 3, shi ne murabba'i. In aka sake ninkawa, 3 sau 3 sau 3, ya zama muka'abi. Ku tara muka'aban 1 da 2 da 3: wato 1 da 8 da 27, jimla 36. To 36 ɗin nan murabba'in 6 ne, 6 kuwa ita ce 1 da 2 da 3 a haɗe. Tun kafin al-Karaji an san haka, a Indiya da wajen Girkawa. Amma gwaji uku ko goma ba hujja ba ne. Shi sai ya nemi dalili.

Ga yadda ya yi. Jimlar 1 zuwa 10 ita ce 55. Ku ɗauka fili ne mai taki 55 tsawo, 55 faɗi. A yanke gefensa biyu masu haɗuwa a kusurwa, faɗin taki 10, sai fili mai 45 da 45 ya saura. Me aka yanke? Yanki biyu na 10 sau 45, wato 900, da na kusurwa 10 sau 10, wato 100. Jimla 1000, muka'abin 10 cif. A sake yanke taki 9 daga 45, a samu 729, muka'abin 9. Haka har a iso taki 1. Ashe filin duka, 3025, muka'aban 1 zuwa 10 ne. Hanyar kuma ba ta tsaya ga 10 ba, kowane adadi ta ɗauke shi.

Wannan tarbiyya ce muke buƙata. Mai rabon gado da ya haddace ƙa'ida bai san dalilinta ba, ranar da mas'ala ta sauya kama zai ci haƙƙin maraya bai sani ba. Ɗalibai, ku zana filin nan a allo, ku yanka da kanku.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.