Wutar Da Fushi Ya Hura A Kaduna

Kisan kai na fari da Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarinsa, a Farawa sura 4, ya faru ne tsakanin wa da ƙane. Kafin Kayinu ya ɗaga hannu a kan Habila, fushi ya riga ya kwana a zuciyarsa, Ubangiji kuwa ya gargaɗe shi, amma bai ji ba. Yau bari mu waiwaya mu dubi tarihin ƙasarmu, mu ga yadda wannan tsohon zunubi ya bi mu har gida.

A watan Maris na 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a kan wa'azin da aka yi a wani taro. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna, da Zariya, da Funtuwa, da Katsina. Aka ƙone majami'u masu yawa, aka ƙone masallatai ma, mutane suka rasa rayukansu. A 1992 kuma rikici ya ɓarke a Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawa, a kan batun sauya wa kasuwa wuri. Aka yi faɗa a watan Fabrairu, aka sāke a watan Mayu, daga nan ya bazu zuwa Kaduna. Kasuwa ce aka ambata, amma a ƙarƙashinta akwai tsohon ƙorafi a kan gonaki da sarauta, wanda aka bari ya yi shekaru yana ci kamar wutar ƙaiƙayi.

A watan Fabrairu na 2000, kan maganar kafa shari'ar Musulunci a jihar, aka yi kashe-kashen da birnin Kaduna bai taɓa ganin irinsu ba. Bayan haka maƙwabta suka kwashe kayansu. Yawancin Kirista suka koma kudancin kogi, Musulmi kuwa arewa. Waɗanda dā suke aika wa juna tuwon Kirsimeti da naman Salla suka zama baƙi ga juna.

Amma daga cikin tokar nan Allah ya fito da wani abin koyi. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, dukansu sun jagoranci matasa masu faɗa, kowa a nasa ɓangaren. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da wasu danginsa. A 1995 wani abokinsu ya haɗa su. Ashafa ya ji huɗuba a kan yafewa, zuciyarsa ta yi sanyi. Wuye kuwa ya faɗa da bakinsa cewa shekaru uku suna aiki tare, amma yana riƙe da nufin ramuwa, sai da wani ɗan'uwa mai wa'azi ya nuna masa cewa ba ya iya shelar Almasihu da ƙiyayya a ransa. Tare suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu. A watan Agusta na 2002 shugabannin addini 22, Kirista da Musulmi, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Watanni uku kawai bayan haka aka sāke zubar da jini a birnin, amma mutanen nan biyu ba su janye ba, har suka je sulhu a Yelwa da Shendam ta jihar Filato.

Me za mu koya? Mun yi kuka a kan majami'unmu da matattunmu, kukan kuwa daidai ne. Amma sai mu furta a gaban Allah cewa waɗansu 'ya'yanmu ma sun ɗauki adda da fetur. Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa kada su kwana da fushi. Fushin da muka kwana da shi, shi ne muke ba 'ya'yanmu gādo a hirar dare.

Bari mu yi addu'a: Ya Uba, ka bincike zukatanmu, ka kawar da ramuwar da muke ɓoyewa, ka koya mana mu gafarta kamar yadda ka gafarta mana, cikin sunan Yesu. Amin.