Neman Bizar Aure da Shirin Ganawa da Jami'in Jakadanci

Tambaya: Ni mazauniyar Ƙofar Guga ce a birnin Katsina. Bara aka ɗaura mini aure da wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Amurka, yanzu yana so in bi shi. Wani mai cike wa mutane takardu ya ce sai mun sake aure a rajista, kuma zai rubuta mini amsoshin da zan haddace. Mene ne gaskiyar wannan lamari?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ki sani, 'yar'uwa, son zama tare da mijinki abu ne mai kyau, domin ba a shar'anta aure don miji ya zauna gabas mata ta zauna yamma ba. Bizar aure kuwa gaba ɗayanta a kan tambaya guda take: shin auren nan na gaskiya ne? Tun da naku na gaskiya ne, aikinku tattara hujja ne kawai.

Miji ne ke fara nema daga can, ya cike fom I-130 ya miƙa wa hukumar shige da fice ta USCIS. Idan aka amince, ke za ki cike DS-260 ta intanet, shi kuma ya sa hannu a I-864, wato alƙawarin ɗaukar nauyinki, ya nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin ƙasar. Idan ɗan ƙasa ne, kuma auren bai cika shekara 2 ba ranar da kika shiga, izinin zama na sharaɗi za a ba ki, na shekara 2. Ana ganawar a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Legas, kuma tun Janairu 2025 sau biyu ake zuwa: ranar duba takardu da ranar ganawa. Sai ki shirya guzuri da masauki da muharramin da zai raka ki. Kafin ku kashe ko kwabo, ku duba shafin ofishin jakadancin da kanku, domin a Disamba 2025 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta masu ƙaura, daga 1 ga Janairu 2026. Duk wanda ya ce yana da hanyar bayan gida, kuɗinku yake so.

Amma batun rajista, a yi hattara. Ƙa'idarsu ita ce auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi ya inganta a wurinsu, kuma auren Musulunci da waliyyi da sadaki da shaidu biyu karɓaɓɓe ne a dokar Najeriya. Abin da kike buƙata takardar shaidar wannan auren ce daga masallacin da aka ɗaura ko kotun shari'a, mai ɗauke da ainihin ranar. Auren rajista kuwa na mace ɗaya ne. Namijin da ke da wata matar ya je ya yi shi, ko ya yi shi sannan ya ƙara aure, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 5. Da yawa sun sa hannu ba su san abin da suka ɗora wa kansu ba.

Akwai wani wuri da al'adarmu ke iya jawo tambaya. Mu a nan waliyyi da wakili ke ɗaura aure, amarya tana cikin gida, wani lokaci ango ma yana can ƙasar waje. A Musulunci wannan aure ya ɗauru, babu shakka. Amma dokar Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna wuri ɗaya ba, sai in sun tare bayan ɗaurin. Don haka idan mijinki bai halarta ba, wajibi ne ya zo ku tare kafin ya cike fom. Ku adana tikitin jirginsa, da hatimin shigowarsa a fasfo, da katin gayyata, da hotunan biki da na zamanku tare da dangi, da rasiɗin kuɗin da yake aiko miki, da tarihin kiranku na WhatsApp. Ba sai kin tona sirrin da ke tsakaninku ba, ki zaɓi abin da mutunci ya yarda a gani.

Sai maganar kishiya, kuma a nan da kai nake, maigida. Amurka auren fari kaɗai take ɗauka, kuma dokarta ta hana shiga ga wanda zai je ya zauna da mace fiye da ɗaya. To, sai wasu su ce ka rubuta wa uwargida saki na takarda kawai, a kai kotu a buga hatimi, alhali aure na nan. Ka ji tsoron Allah. Saki ba abin wasa ba ne, malamanmu sun tabbatar da cewa yana aukuwa ko da wasa aka yi shi, kuma rubuta shi da niyyar zartarwa kamar furta shi ne. Ko dai ka saki matarka ba ka sani ba, ko ka yi shaidar zur a gaban alƙali. Haka wanda zai rubuta ƙanwarsa ko 'yar maƙwabcinsa a matsayin mata don ta samu shiga: ƙarya ce da ha'inci, kuma a dokarsu hukuncin ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000.

Sauran takardu sanannu ne: fasfo, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, shaidar 'yan sanda, gwajin lafiya a asibitin da suka ayyana, da takardar saki ko ta rasuwa ga wanda ya taɓa aure. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne saɓanin suna. Nan A'isha, can Aishatu, shekarar haihuwa a fasfo daban, a takardar makaranta daban. Ki gyara tun kina Katsina. Hoto kuma ana karɓarsa da hijabi matuƙar fuska ta bayyana duka.

Ranar ganawa za a ɗauki hoton yatsunki, a sa ki yi rantsuwa cewa gaskiya za ki faɗa. Kada wani ya ce miki ai ba Musulmi ba ne, ƙarya gare su ba komai. Wanda ya nemi shiga ƙasar mutane da izininsu ya shiga alƙawari, kuma Musulmi ba ya yaudara. Su ma wanda suka kama da ƙarya a kan abin da ya shafi bizar suna iya hana shi shiga har abada.

Tambayoyin na zaman gida ne: yaya kuka haɗu, wa ya ba da aurenki, nawa ne sadaki, wane aiki yake yi, a wane gari yake, yana da 'ya'ya, yaushe ya zo na ƙarshe. Idan auren zumunci ne ko iyaye suka haɗa, ki faɗi haka, kada ki ƙirƙiro labarin soyayya. Shi ya sa ban yarda da haddar amsoshi ba, mai hadda da an juya tambaya sai ya ruɗe. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Kunyar nan tamu ta rashin kiran sunan miji kuwa abin yabo ce a gida, amma a gaban jami'i ki faɗi cikakken sunansa da murya a sarari, shiru da sunkuyar da kai yana iya sa shi zargi. Idan Turancinki bai kai ba, ki tambayi tsarin tafinta tun kafin ranar.

In aka miƙo miki takarda mai lamba 221(g), kada hankalinki ya tashi. Yawanci ƙarin takarda ake nema ko ƙarin bincike, ki kai abin da aka ce.

Wadda mijinta ke Ingila tsarinsu daban ne. Galibi a kan takardu suke yanke hukunci, kuma tun Afrilu 2024 sai samun miji ya kai fam 29,000 a shekara, ita kuma ta ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, ta yi gwajin tarin fuka, kuma dukansu biyu sun cika shekara 18.

Allah ne mafi sani.