Ficewar Nijar daga ECOWAS: Diyauci, Dimokuraɗiyya da Abin da Ya Biyo Baya

An kafa Ƙungiyar Raya Tattalin Arziƙin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS ko CEDEAO, a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, kuma Nijar na cikin ƙasashe 15 da suka rattaba hannu. Tun asali manufarta ciniki ce da zirga-zirga, shi ya sa yarjejeniyar 1979 ta ba kowane ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. A shekarar 2001, a Dakar, ƙungiyar ta ƙara wa kanta wani nauyi: ƙin amincewa da duk gwamnatin da ta hau mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki. Wannan sharaɗi shi ne tushen saɓanin da ya taso daga baya.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ta yi barazanar amfani da ƙarfin soja, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Aka rufe iyakoki irin su Jibiya da Illela, kaya suka yi tsada, magani ya yi ƙaranci. Talaka ne ya fi shan wahala, sojoji kuwa suka sami hujjar cewa ƙungiyar tana keta diyaucin ƙasa, tana kuma yi wa Faransa aiki.

Ranar 28 ga Janairu, 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu. Ɗage takunkumin a watan Fabrairu bai sa sun sauya ra'ayi ba. A watan Yuli suka ƙulla tarayyar ƙasashen Sahel, AES, a Yamai, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, bayan wa'adin shekara guda da dokar ƙungiyar ta tanada.

A nan akwai abin lura. Diyauci a tsarin dimokuraɗiyya na jama'a ne, amma ba a yi ƙuri'ar raba gardama kan ficewar ba, babu kuma zaɓaɓɓiyar majalisar da ta tattauna ta. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar, aka rushe jam'iyyun siyasa. Ɗan Nijar kuma ya rasa kotun ECOWAS da ke Abuja, inda a 2008 Hadijatou Mani ta yi nasara a kan gwamnatinta a shari'ar bauta.

Ficewar ba ta yanke kowace igiya ba. Nijar tana nan a ƙungiyar UEMOA, tana amfani da kuɗin sefa, ECOWAS kuma ta bar ƙofar zirga-zirga a buɗe na wucin gadi. Muritaniya, wadda ta fice a 2000, ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar a 2017. Fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi ya girmi ECOWAS nesa ba kusa ba, amma haƙƙin da ɗan kasuwa yake da shi a rubuce, yanzu ya koma abin da gwamnatoci za su sasanta a kansa.