Daga Jikka zuwa Hisabi: Kalmomin Kuɗin Magani a Galma

Wasali ɗaya ne tsakanin Galma da Galmi, kuma baƙo kan haɗa su. Galmi ita ce ta albasa da asibitin mishan da aka buɗe a 1950, a bakin babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa. Galma kuwa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madawa ta jihar Tawa, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Galma Koudawatché. A tuɓe wa sunan rigar Faransanci, a mai da "ou" ya koma "u", "tché" ya koma "ce", sai ga Kudawace ta fito yadda bakin Bahaushe ke faɗinta.

To, a ce mace ta goyo yaro mai zazzaɓi daga wani ƙauye na Galma. Tambaye ta ina za ta, ta ce: "Za ni likita." Bakano zai ɗauka wajen mutum za ta, domin a wurinsa likita mai duba marar lafiya ne, ginin kuma asibiti. A Nijar sunan mutumin ya mamaye ginin. Duka biyun daga Ingilishi suka zo: doctor ya zama likita, hospital ya zama asibiti. Ga kalmar Ingilishi ta ƙetara iyaka, ta zauna daram a ƙasar da Faransa ta mulka.

Shugaban wurin kuma ana ce masa majo, muƙamin da aka gada daga ma'aikatan jinya na sojan Faransa. Ya buɗe karne, wato littafin lafiyar yaron, ya auna shi, ya rubuta wata 'yar takarda ya miƙa mata: ordonans.

A nan nake so mu tsaya. A Faransanci ordonnance sunan abu biyu ne. Takardar sayen magani ce, kuma dokar da shugaba ke sa wa hannu ba tare da ta bi ta majalisa ba. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rushe majalisar dokoki, da ordonans ake yin doka a Nijar, har da ta kasafin kuɗi. Ke nan ordonans ta Yamai ce ke yanke ko akwai magani a kan kanta, ko kuwa matar nan za ta fito da ordonans ta majo a hannu, tana neman inda za ta saya.

Ai an ce maganin yara kyauta ne? An ce. A 1995 doka ta ɗora wa marar lafiya biyan wani kaso na kuɗin magani, bisa tsarin da aka shata a Bamako a 1987. A zamanin Shugaba Tandja Mamadu aka ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, sannan a 2006 aka ɗauke na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Turawa suka ce gratuité, Hausa ta ce kyauta.

Amma kyauta ce? Kyauta 'yar gidan kyau ce da kyautatawa: abin da mutum ya ciro daga aljihunsa don ganin dama. Kyauta ba a bin bashinta, kuma in ta yi jinkiri ba a ƙorafi. Ga sadaka, mai neman lada. Ga banza, wadda "na samu a banza" ke nufin ban biya ba, "maganin banza" kuma ke nufin ba ya aiki. Babu ɗaya a cikin ukun da ta dace. Tsarin 2006 cewa ya yi likita ta yi magani, ta aika takardun kuɗin, gwamnati ta biya ta. Biyan ya riƙa makara, bashin ya taru har biliyoyin sefa, kantocin magani suka bushe. Da tun farko an kira shi haƙƙi, da bakin uwar yaro ya fi ƙarfi. Mai haƙƙi tambaya yake yi, mai karɓar kyauta kuwa sai godiya.

Kuɗin kuwa na talaka ne. Ku dubi yawan sunayen da ya ba abin da ake karɓa a hannunsa: haraji daga Larabci, jangali na shanu daga Fulatanci, lanho daga l'impôt, har da harafin "l" ɗin da ya maƙale a goshinsa. Ga bodo, ga kuɗin ƙasa na zamanin sarakuna. Ta fannin karɓa harshe ya wadata.

Ta fannin kashewa fa? Budget asalinsa bougette, 'yar jakar fata a tsohon Faransanci. Ta tafi Ingila ta zama jakar ma'ajin sarki, ta dawo Faransa da sabuwar ma'ana, daga can ta iso Yamai. Bahaushe ma da jaka yake ƙirga: jikka a kasuwar Madawa sefa 1,000 ce, wato dala 200 a ƙirgar mutanen Nijar. Sai dai da ya tashi fassara bai ce jaka ba, ya ce kasafi. Na fi son tamu. Kasafi ɗan'uwan kasawa ne, yadda mai albasa ke kasa ta kashi-kashi a kan buhu, kowa na gani. Jaka a ɗaure take, kashi a fili yake. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma ƙasashe kaɗan ne suka taɓa cika shi.

Saura kalmar da ta fi ba masu fassara wuya, wato tilasta wa mai mulki ya yi bayanin abin da ya kashe. Wani ya ce riƙon amana, wani ya ce gaskiya da adalci, wani ya ce bin diddigi. Alhali kalmar tana bakinmu tun tuni, har sau biyu. Lissafi daga Larabci al-hisab yake, "al" ɗin ta narke ta bar "l", kamar yadda ta yi a littafi da labari. Hisabi ma shi ne, ya shigo ta ƙofar malamai. Ɗaya ya tafi kasuwa da makaranta, ɗaya ya tafi ranar tsayuwa, hisba kuma ƙanwarsu ce. Kotun da Faransanci ke kira Cour des comptes, mai binciken kuɗin gwamnati, in ka ce mata kotun lissafi ka yi daidai, in ka ce kotun hisabi gaban ma'aji zai faɗi. HALCIA ta 2011 da COLDEFF ta 2023 kuwa, hukumomin da aka kafa don yaƙi da cin dukiyar ƙasa, haruffa ne kurum a kunnen manomi.

Majalisa ma'anarta wurin zama. A 2004 aka fara zaɓen majalisun ƙananan hukumomi irin Galma, a Afrilun 2024 aka rushe su aka naɗa kantomomi. Wurin zaman da kansila zai tambayi lissafi babu shi yanzu, amma bodo bai daina shiga ba.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. To, kantoman Galma, da na Buza da na Kaita, a rubuta kasafin bana da Hausa, a boko da ajami, a manna a ƙofar likita: nawa ya shigo, nawa aka kasa wa magani, nawa ya iso. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa ranar kasuwa.