Orde Wingate (1903–1944)

Orde Charles Wingate hafsan sojan Ingila ne da ya jagoranci ƙaramar rundunar da ta raka Sarki Haile Selassie daga Sudan zuwa gadon sarautarsa a Habasha a shekarar 1941. An haife shi ranar 26 ga Fabrairu 1903 a Naini Tal ta ƙasar Indiya, a gidan Kiristoci masu tsananin riƙon addini. Mahaifinsa ɗan uwan Sir Reginald Wingate ne, gwamnan Sudan daga 1899 zuwa 1916.

Ya zama hafsa a 1923, ya koyi Larabci a Landan, a 1928 kuma aka tura shi rundunar tsaron Sudan, sashen gabas, mai gadin iyakar Habasha. Ga yanayin ƙasar yankin: laka mai kama ƙafa da damina, ciyawa mai shanye mutum da kaka. A nan ya yi ta fama da masu fataucin bayi da mafarautan hauren giwa. Da ya lura sun haddace lokutan sintiri, sai ya koma yi musu kwanton ɓauna, kuma da wannan dabara ya yi yaƙi har ƙarshen ransa.

Zamansa a Falasɗinu daga 1936 shi ne baƙin tabon tarihinsa. Ya rungumi aƙidar Sahayoniya, ya kafa dakarun dare a 1938, waɗanda suka gallaza wa ƙauyukan Larabawa da duka da kisa. A 1939 manyansa suka ɗauke shi daga can.

Italiya ta kama Addis Ababa ranar 5 ga Mayu 1936, sarki ya yi gudun hijira zuwa Ingila. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, aka kawo shi Khartum a 1940. A Nuwamban shekarar Wingate ya iso ya fara haɗa rundunar da ya raɗa wa suna Gideon. Mutanenta ba su kai 2,000 ba: bataliyar Sudaniyawa ƙarƙashin Hugh Boustead, da bataliyar Habashawa, da Turawa 'yan kaɗan. Raƙuma dubbai ne suka ɗauki kayansu, kuma kusan duk sun mutu a hawan duwatsun Gojjam. Ranar 20 ga Janairu 1941 sarki ya tsallaka iyaka a Um Idla. Da harin dare da yaɗa jita-jita Wingate ya sa Italiyawa suka zaci babbar runduna ce ta taso musu, har suka bar Debre Markos a farkon Afrilu. Ranar 5 ga Mayu, shekara 5 cif da faɗuwar birnin, Haile Selassie ya shiga Addis Ababa.

Bai kamata a jingina wa Wingate nasarar shi kaɗai ba. 'Yan kishin ƙasar Habasha sun shekara 5 suna yaƙin sunƙuru kafin ya zo, babban birnin kuwa sojojin Janar Cunningham ne suka kama shi daga kudu, a yaƙin da birged ɗin Najeriya ya taka rawa tun daga Somaliya har Harar.

Bayan nasarar aka rushe rundunarsa, aka rage masa muƙami. A Alƙahira, cikin zazzaɓin cizon sauro da ɓacin rai, ya yi yunƙurin kashe kansa a Yulin 1941. Da ya warke aka tura shi Bama, daga baya ya kafa dakarun Chindit masu kutsawa bayan sahun Japanawa. A 1944 akwai bataliyoyin Najeriya 3 a cikinsu, da Hausawa da yawa. Ya mutu a haɗarin jirgin sama a Manipur ranar 24 ga Maris 1944 yana manjo janar. An binne shi a maƙabartar Arlington ta Amurka, tare da Amurkawan da suka mutu a jirgin.