Wasan da ya yanke wa jarumi basira tun daga haihuwa

A 1974 aka fito da Dungeons & Dragons a Amurka. Ƴan wasa na zama a tebur, kowa da jaruminsa, ana jefa ƙwaya irin ta ludo. Abin da ya tsaya mini a rai a tarihinsa shi ne makin jinsi. A dokokin 2000, jarumin da ke da jinin dodannin orc ana ƙara masa biyu a ƙarfi, a cire masa biyu a basira, tun bai yi komi ba. Mu malamai mun saba jin irin wannan: wai ƴan gidan wane ba su da kan karatu. Sai a 2020 kamfanin Wizards of the Coast ya bar ɗan wasa ya sa makin inda yake so. A 2024 kuma ya danganta shi da tasowar jarumin da sana'arsa.