Daga "me ake da shi?" zuwa allon jerin abinci

'Yan uwa, tunda bana da yawa daga cikinmu sun karɓi rance ne don buɗe gidan abinci ko faɗaɗa wanda suke da shi, muka ga ya dace mu waiwayi asalin wannan takarda da ake miƙa wa mai saye, wadda yaranmu ke ce wa "menu".

A ƙasar Hausa da baki ake jera abinci. Mace na cikin gida tana girki, 'yar talla ta ɗauka tana zagaya unguwa tana kiran sunan abin da ke kanta. A rumfar mai tuwo kuwa, mutum ya zauna ya ce "Hajiya, me ake da shi?" ita kuma ta lissafo masa: tuwon shinkafa miyar taushe, shinkafa da wake, ɗanwake ya ƙare. Sai ta ce "Na nawa?" Ku lura da wannan tambaya. Mai saye ne ke faɗin kuɗinsa, mai abinci ta auna masa daidai da su. In hatsi ya yi tsada, malmala ce ke ƙanƙancewa, ba a sauya komai a rubuce, don ba a rubuta komai ba.

Rubutaccen jerin abinci ya faro ne inda baƙi suka yi yawa. A ƙasar Sin, zamanin daular Song, kimanin shekara 900 da suka wuce, gidajen abinci na biranen Kaifeng da Hangzhou suna ciyar da fatake daga yankuna daban-daban, kowa da irin cimarsa. A Faransa kuma, a ƙarshen ƙarni na 18, gidajen abinci na Paris suka fara buga takarda mai sunan kowane girki da farashinsa a gefe.

Kaduna ma garin baƙi ce tun farko. Da ta zama hedikwatar Arewa a 1917, jirgin ƙasa ya kawo ma'aikata daga Legas da Fatakwal, daga baya masaƙun Kakuri suka ƙara jawo jama'a. Shi ya sa a gari ɗaya za ki samu tuwo da waina, sakwara da miyar agushi, amala, da faten acca na mutanen kudancin jihar. Takardar abinci dai ta daɗe tana manyan wurare, irin otal ɗin Hamdala na zamanin Sardauna da otal ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977, kuma da Turanci ake rubuta ta. Mu a Malali, iyayenmu da suka ciyar da ma'aikatan gidan ruwa da malaman Kwalejin Gwamnatin Tarayya da aka buɗe a 1973, a kansu jerin yake, har da sanin wanda ba ya son yaji.

Abu biyu suka sauya lamarin. Shirin UPE na 1976 ya yawaita masu karatun boko. Sannan Mr Bigg's, da kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986, ya bazu har Arewa da hotunan abinci masu haske a saman kanta, kowanne da kuɗinsa. Yaran da suka tashi da ganin haka su ne masu sayenmu yau, kuma ba sa son tambayar farashi a gaban abokai.

To amma takarda ta juya tsarin iyayenmu. Yanzu ke ce za ki yanke girman faranti da kuɗinsa tun kafin mai saye ya shigo, kin kuwa ɗaure kanki. An ga haka ƙarara bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Wadda ta kashe kuɗi ta buga takarda mai sheƙi aka lulluɓe ta da leda, kafin wata biyu farashin ya zama tarihi. Ko ta sayar a kan asara, ko ta bi da biro tana karcewa, mai saye na kallo yana zargi. Mai allo da alli, tsumma kawai ta sa.

A ganinmu allon ya fi dacewa da mai ƙaramin jari, kuma kada ya cika. Girki ashirin a rubuce, tukunya huɗu a kan wuta, ai sai ki yini kina cewa "babu", wanda kuma aka ce wa babu sau biyu ba ya dawowa. A raba shi yadda muke ci: koko da ƙosai da waina da safe, shinkafa da dambu da taliya da rana, tuwo da dare. Abin da hannunki ya fi iyawa, shi ne a layin farko. A rubuta da Hausa, a ƙara Turanci a ƙasa saboda maƙwabtanmu, amma don Allah a bar wa ɗanwake sunansa. Nama da kifi a ware kuɗinsu daban, yadda mai ƙaramin ƙarfi zai ci gaya da miya ba tare da jin kunya ba.

Masu sa hoto a WhatsApp kuma, a ɗauki hoton farantin da za a kai wa mutum, da yawan naman da zai samu a ciki. A ƙasan allon a bar layi guda da zai ce ana zuba na yadda kuɗin mutum ya kai, domin har gobe akwai ɗan acaba da ɗalibin da za su shigo su ce "Mama, a ba ni na ɗari biyar."